Yawon kallon bango: muhawarar iyayen 'yan aji biyu na babbar sakandare

Alhaji Sabo (Baban Khadija): Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, ina da tambaya, kuma ba da faɗa na zo ba. An karɓi naira 4,000 a hannun kowane yaro da sunan yawon ƙaro ilimi. A Zariyar nan muna da asibitin koyarwa a Shika, muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, wuraren da yaro zai gani ya dawo ya zage dantse. Jiya da daddare na ce Khadija ta nuna mini abin da suka gano, sai ta miƙo mini waya cike da hotunan bango. Bango, jama'a. Har da bayan tirela a Kwangila. Don Allah wani ya fahimtar da ni.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Alhaji ka riga ni a baki. Ni tawa da shuɗin fenti ta dawo a gefen hijabi, sabon hijabi. Na jiƙa da kananzir, ko gezau.

Madam Rifkatu: Ni kuwa Ishaku tun da ya dawo bai rufe baki ba. Yaron da in ka tambaye shi me aka koya muku yau, sai ya ce ba komai. Mu bari Malam Haruna ya yi magana tukuna, na ga yana kan layi.

Malam Haruna (malamin zane): Wa alaikumus salam, ranku ya daɗe. Alhaji, tambayarka a kan hanya take. Kuɗin sun tafi ne a hayar mota biyu, da abincin rana, da ɗan ihsanin da muka yi wa masu sana'ar da muka tsayar daga aikinsu. Lissafin yana ofishin shugaban makaranta ga mai son dubawa.

Da cikin birni muka fara. A ƙofar fada na ce kowa ya mai da waya aljihu, ya fito da fensir, ya zaɓi dagi ɗaya ya kwafa. Yaran nan yawancinsu a garin nan aka yanke musu cibi, sun sha tsayawa a wurin suna kallon hawan sallah, amma da aka ce su zana, sai ga shi ba wanda ya san ta inda zaren dagi ya shiga, ta inda ya fita. Wasu sun goge takarda har ta huje. Daga nan muka taka da ƙafa ta lungunan Kwarbai da Babban Dodo muna neman tsofaffin zauruka masu zanko da ado a fuska. Sai Tudun Wada, inda ake samun na siminti, wanda ake zanawa tun simintin yana ɗanye a bi shi da fenti mai ƙyalli. Sai Kwangila wajen masu fentin manyan motoci. Muka ƙare a Samaru, a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello.

Aikin da na ba su shi ne, duk bangon da suka tsaya a gabansa su binciko wanda ya yi zanen, da wanda ya biya, kuma ko an tambayi mai bangon kafin a taɓa masa.

Alhaji Sabo: To Malam, in sun binciko sai me? WAEC za ta tambaye su?

Malam Haruna: Masu ɗaukar darasin zane za ta tambaye su, ranka ya daɗe, akwai tarihin zane a cikin jarrabawar. Amma ba zan fake da jarrabawa ba. Ko da ba ta tambaya, da na kai su.

Injiniya Bashir: Ni matsalata daban ce. Wannan abin da ake yayi yanzu na fesa fenti a bangon gari, ba namu ba ne. Yaran unguwannin New York ne suka shahara da shi a shekarun 1970, suna rubuta sunayensu a jikin jiragen ƙasa na ƙarƙashin birni. Hukumarsu ta yi ta fama, sai a 1989 ta iya cewa ta raba jiragenta da shi. Wato su kansu masu abin a matsayin ɓarna suka ɗauke shi. Mu kuma sai mu ɗauko yara a mota mu ce ku zo ku ga abin koyi? Gobe in ɗana ya sayi gwangwanin feshi ya rubuta sunansa a katangar maƙwabci, wa zan kama? Kuma kowa ya san su waye ke yawo da irin waɗannan kayan masu wari a aljihu, da abin da suke yi da su.

Hajiya Gambo (Kakar Sadiq): Injiniya, ɗana, jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ba na jin turancin da kuke yi, amma na ji ka ce ado a bango ba namu ba ne. A Kwarbai aka haife ni. Zauren gidanmu, in damina ta wuce aka zo yaɓe, magini ba ya sauka sai ya gyara adon ƙofa. Da yatsunsa yake yi, ƙasar tana ɗanya, ya murza ta ta tashi kamar igiya, ya lanƙwasa, ya tsoma hannu a ruwa ya shafe. Mu yara muna ƙasa muna miƙa masa curi. Sai a kawo makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan, a shafe bangon ya yi ja-ja-ja, ruwa ba ya cinsa da wuri. Masu hali kuwa laso ake yi musu, da katsin marina da gashin da ake samowa a majema da dafara. Kuma duk wannan wahala ba don mutanen gida ake yi ba, mu muna ciki ina za mu gani? Don mai wucewa ake yi, ya ɗaga kai ya san gidan mutum ne mai mutunci. Yanzu gidan namu an rushe zauren an yi shaguna uku da ƙofar ƙarfe. Da Sadiq ya nuna mini hoton wani zaure da suka gani, sai da na yi hawaye, don na san gidan, na san matar da aka kai cikinsa amarya.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Ban musa ba. Amma kin ga wannan mai gida ne ya kira magini ya biya shi. Ba wani ne ya zo da tsakar dare ya yi masa ba.

Malam Haruna: Injiniya, ai ka zo inda nake so. Bambancin da ka faɗa shi ne darasin gaba ɗaya. Shi ya sa na ce su tambaya ko an nemi izini. Yaron da ya yini yana tambayar masu gida "Baba, da saninka aka yi wannan?" kuma ya ji yadda wasu ke tsine wa waɗanda suka ɓata musu katanga, ina ganin shi ne na ƙarshe da zai sayi gwangwanin feshi.

Kuma tunda Hajiya ta taɓo magina, na tsayar da su a gefen masallacin Juma'a na ba su labarin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina shi a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim. Akwai unguwa guda mai sunansa a cikin birni, amma a ajin mutum biyu ne kawai suka san mutum ne. Dukkansu dai sun san wani ɓangaren masallacin ya rufta a watan Agustan 2023 ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Abin da muke da shi yana tafiya, kuma masu tasowa ba su ma san akwai shi ba.

A Samaru kuma wani malami ya ba su labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tun kafin a buɗe jami'ar a 1962, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Turawa ke koya musu zane irin na Turai, su kuma suka ce sai sun haɗa da na gida. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina aikinsa a kai har duniya ta san shi. A garin nan aka yi wannan. Tambayar da na yi wa yara ita ce, shi ya ɗauki na kakanninsa, ku naku fa?

Ustaz Lawal: Assalamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ba a taɓa ba, kuma shi ne babba. A hotunan da ɗana ya kawo na ga zaki, na ga mikiya, na ga fuskokin mutane a shagon aski, na ga gumaka tsaye a Samaru. Hadisan da suka zo a kan masu sura ba ɓoyayyu ba ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga labule mai hotuna a ɗakin Nana A'isha, fuskarsa ta canza. Wani mai sana'ar zane ya zo wurin Ibn Abbas, ya ce masa in ba makawa sai ka yi, to ka yi bishiya da abin da ba shi da rai. Malam Haruna, da wace hujja za a ɗauki 'ya'yan Musulmi a kai su suna sha'awar wannan, kuma ba a gaya wa iyaye dalla-dalla ba?

Malam Tukur: Wa alaikumus salam. Ustaz, hadisan tabbatattu ne, ba mai ja. Sai dai ka san malamai sun yi bayani a kansu, kuma ba su taru a kan magana ɗaya ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, abin da aka haramta kai tsaye shi ne surar abu mai rai, cikakkiya, mai jiki, wadda take da inuwa. Wadda aka zana a shafe a kan bango ko takarda, makaruhi suka ce. Wasu malaman, irin su Imam Nawawi, sun haɗa duka sun hana. Don haka zakin bayan tirela hukuncinsa daban da abin da ke tsaye a Samaru. Ban ce a so shi ba, na ce kada mu ɗora wa yaro zunubin da malamai suka yi saɓani a kai kamar an yi ijma'i.

Ustaz Lawal: Malam Tukur, barin abin da ake kokwanto ya fi. Kuma gumakan fa? Ka tsallake su.

Malam Tukur: Ban tsallake ba, a kansu muna tare.

Malam Haruna: Ustaz, a Samaru na faɗa wa yara tun a mota cewa akwai filin da aka jera sassaƙe-sassaƙe, wanda ba ya son shiga ya bi Malama Hauwa zuwa wajen masu saƙa da rini da ginin tukwane. Kusan rabi can suka tafi, har da ɗanka. Wataƙila daga wayar abokinsa ya samu hoton. Takardar da aka aiko gida kuwa ta ambaci Samaru, amma ba ta fayyace abin da ke can ba, kuma na ji ƙorafinka, zan kai shi gaba.

Abu ɗaya zan ƙara. Amsar da Ibn Abbas ya ba mutumin nan, ita maginanmu suka bi shekara da shekaru. Dagi, ganye, takobi, zayyana irin ta allon sauka. Da zamani ya zo suka ƙara keke da agogo da jirgin sama. Duk wanda yake son ɗansa ya yi zane ba tare da ya taɓa mai rai ba, makarantarsa tana fuskar tsofaffin gidajen nan.

Ɗanladi Mai Zane (Kawun Yusuf): Salamu alaikum manya. Ni ne wanda aka kawo wa yaran a Kwangila, Yusuf ɗan yayata ne, ni nake riƙe da shi shi ya sa nake cikin zauren nan. Bokona ba nisa, a yi haƙuri da rubutuna.

Hajiya Maman Ummi, fentin nan a wurina ta samo, fentin mai ne. Kananzir ba zai yi ba tunda ya bushe. Ki samu tina kaɗan, ki sa tsumma a ƙasan wurin, ki riƙa dangwalawa ta baya, kada ki goga. Ki fara gwadawa a bakin ɗinki don wani yadin tina tana cin launinsa. Amma ki yi mata afuwa. Yarinyar nan na ba ta buroshi na ce ja mini layi a kan wannan katako, ta ja shi tiryan-tiryan hannunta bai yi rawa ba. Ina da yaron da ya shekara a wurina bai iya haka ba.

Ustaz, gaskiyarka, ni ma malamina na allo ya sha yi mini faɗa. Direba ne ke zuwa ya ce zaki yake so, ko mikiya ta kama maciji, wai a san motarsa tun daga nesa. Ina ba su shawarar dawisu a mayar da shi fure, wasu su yarda wasu su tafi wurin wani. Yanzu ma rubutu ya fi yawa, "Sai haƙuri", "Rabo na Allah", "Mahassada ku huta". Na nuna wa yara yadda muke fitar da layi, a shafa wa zare alli, mutum biyu su ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiya a sake, ya bar sawu a jikin mota. Sannan a raba haruffa da ido, don in ka auna su daidai da ma'auni sai su fito a karkace, harafi mai ciki yana son wuri fiye da siriri. Wani yaro ya ce ashe lissafi ne. Na ce oho, mu dai haka muka gada.

Injiniya kuma kada ka ji tsoro wai za su bi sana'armu. Sana'ar ma tana mutuwa. Injin buga bana ya kashe mu. Mai shago da zai kira ni in yi masa kwana biyu ina zana masa allo, yanzu sai ya je a buga masa a roba cikin awa ɗaya, rana ta cinye ta kafin shekara, ya sake bugawa. Allon da na yi wa wani mai kemis tun kafin in yi aure har yau yana nan.

Maman Ummi: Malam Ɗanladi na gode, zan gwada. Ita kuma ba ta faɗa mini ta ja layi ba, cewa ta yi jingina ta yi.

Barista Amina: Ina so in koma kan maganar Injiniya, don ta doka ce. Katanga dukiyar mai gida ce. Wanda ya rubuta ko ya liƙa abu a kanta ba da izini ba ya yi ɓarna, ko da abin da ya zana ya fi na kowa kyau. Amma mu faɗi gaskiya, su waye ke ɓata bangon Zariya? Ban taɓa ganin ɗan sakandare da gwangwanin feshi a unguwarmu ba. Abin da nake gani fastocin 'yan takara ne, na 2023 a kan na 2019, da lambar wayar mai maganin basir, da na masu yasar masai, da "Wannan gida ba na sayarwa ba ne", da jan fentin hukuma. Manya ne ke yi, ko su biya yara su yi musu da daddare da bokitin koko.

Akwai kuma wata shari'a da nake ba ɗalibaina misali da ita, don ku ga abin yana da fuska biyu. A New York akwai wani tsohon ginin masana'anta da ake kira 5Pointz. Mai ginin da kansa ya ba masu zane izini, suka yi shekaru suna yi har wurin ya zama abin zuwa kallo. A 2013 da ya tashi rushewa don ya gina gidaje, sai ya sa aka shafe zanen da farin fenti cikin dare. Suka kai shi kotu. A 2018 alƙali ya ce ya biya masu zane 21 dala miliyan 6.75. Ginin nasa ne, ba a hana shi rushewa ba, amma dokarsu ta ce aikin da ya samu karɓuwa ba a hallaka shi haka kawai ba tare da an ba mai shi wa'adi ba. Ku kwatanta da zauren su Hajiya Gambo da ya zama shaguna ba wanda ya ko ɗauki hotonsa.

Injiniya Bashir: Barista, wannan ai ya ƙara mini tsoro ne. Wato in ba mutum aron bangona, gobe ya kai ni kotu.

Barista Amina: Dokar Amurka ce, Injiniya, kwantar da hankalinka. Amma ko a nan, in za ka bayar ka rubuta yarjejeniya.

Dakta Nura: Ni a Khartum na yi karatu, kuma ina can a 2019. Daga 6 ga Afrilu mutane suka yi zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, aka sauke Al-Bashir ranar 11, suka ƙi tashi. Cikin makonnin nan duk wata katanga da ke wajen, har ta kusa da Jami'ar Khartum, sai da aka zane ta. Ɗalibai, 'yan mata da lulluɓinsu, kowa da buroshi, mai shayi na gefe tana ba su. Ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen azumi, aka tarwatsa wurin da bindiga aka kashe mutane da yawa. Bayan nan aka zo aka shafe yawancin zanen da fenti. Na daɗe ina tunanin wannan. Mai bindiga da tankar yaƙi, me ya dame shi da bango har zai sayi fenti?

Akwai wata mai zane, Assil Diab, ita kuma gidajen waɗanda aka kashe ta riƙa bi, ta zauna da iyayensu, in sun yarda ta zana fuskar ɗansu a katangar gidan. Ustaz zai ce fuska ce, kuma na san maganarsa tana da tushe. Ni dai na ga uwa tana tsaye a gaban irin wannan katanga, ban iya ce mata komai ba.

Abban Walid: Ai ba sai an je Sudan ba. Mu nan bayan rikicin sojoji da 'yan Shi'a na Disambar 2015 wane bango ne ba a rubuta a kansa ba, daga Zariya har Abuja? Malam ya nuna musu wannan ko tsallakewa ya yi?

Shugaban zaure: Abban Walid, don girman Allah a tsaya nan. Zauren iyaye ne, akwai kowa da kowa a ciki. Duk wanda ya ɗora a kan wannan zan goge.

Malam Haruna: Sun gani da idonsu, sun tambaya, na ce su tambayi iyayensu a gida. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Alhaji Sabo: Ga 'yar taku nan ta tsaya mini a ka wai ana maganarsu ba a ji daga bakinsu ba. Na ba ta wayar, minti biyar.

Khadija (ta wayar Alhaji Sabo): Assalamu alaikum iyayenmu, ina wuninku. Ina neman afuwa da shigowa cikin manya. A Tudun Wada ni da Ummi da Grace aka ba mu wani layi. Mun ga wani gida da aka zana keke a saman ƙofar zaure, da siminti, har da sarƙarsa da fedarsa, amma fasta ta rufe ƙafar baya. Muka yi sallama, wani tsoho ya fito, muka gaishe shi muka tambaye shi. Ya ce mahaifinsa ne ya sa aka yi lokacin da ya sayi keke, don a lokacin a layin ba mai shi. Ya ce fastocin ba wanda ya taɓa tambayarsa, in ya ɓare da safe kafin sati an liƙa wata, har ya gaji. Ya ba mu izini muka ɓare da ruwa da soso, sai ga ƙafar keken ta fito, da sauran koren fenti a jiki. Ya kira jikokinsa su zo su gani. Amma ya ce ɗansa yana so a manna tayil a fuskar gidan bayan sallah, kuma shi ba zai hana ba tunda ɗan ne ke ciyar da gidan.

Abu na biyu, a wani lungu an rubuta "Ba a fitsari a nan" da manyan baƙaƙe har da zagi, amma sai da muka toshe hanci. Gaba kaɗan katangar wata Islamiyya ce da aka yi wa fenti aka zana furanni da haruffa, ita kuma tsaf. Shi ne muka ce ko in bango ya yi kyau mutane suna jin kunyarsa. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Injiniya Bashir: Khadija, Allah ya yi miki albarka, kin iya bayani. Amma ki koma ki duba, ina kyautata zaton akwai mai shayi ko mai gadi da ke zama kusa da katangar Islamiyyar. Mutanenmu idon mutum suke jin kunya, ba fure ba.

Khadija: Akwai mai gyaran takalmi, Baba.

Injiniya Bashir: To kin gani.

Madam Rifkatu: Shi ma mai gyaran takalmin ai bai zauna a lungu mai wari ba, Injiniya. Wurin da ya yi kyau ya zaɓa.

Hajiya Gambo: A tambayar mini yarinyar nan sunan layin. Ina jin na san gidan mai keken.

Malam Haruna: Hajiya zan kira Sadiq in faɗa masa, kada mu sa adireshin mutum a nan. Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da yaran suka roƙa a mota muna dawowa. Katangar makarantarmu ta waje, wadda ke kallon titi, kun san halin da take ciki, fasta da tallar maganin gargajiya. Suna so a ba su ita su zana. Shugaban makaranta ya ce sai iyaye sun yarda.

Alhaji Sabo: In dai ba wani sabon kuɗi za a ce mu kawo ba. Har yanzu ina ganin da Shika aka kai su da ya fi, kuma ina so a rubuta cewa zango mai zuwa can za a je.

Ustaz Lawal: Sharaɗina biyu. Ba mai rai, ko tsuntsu. Kuma kada a rubuta aya ko sunan Allah a katangar da ke bakin kwata, inda za a zo a liƙa mata fasta ko a tsuguna a gindinta. Wannan kuskuren ana yawan yinsa da kyakkyawar niyya.

Madam Rifkatu: Na biyun nan na goyi baya ɗari bisa ɗari, mu ma ba za mu so a sa ayar Littafi Mai Tsarki a wurin ba. A yi abin da duk yaran za su sa hannu. Dagi ai na kowa ne, har a Wusasa muna da shi a bango.

Maman Ummi: Ni ban yarda 'yata ta tsaya a bakin titi tana fenti 'yan acaɓa suna kallonta ba. In za a yi, matan su yi ta ciki.

Barista Amina: Hajiya, ta ciki ba mai liƙa mata fasta, ba ita ke da matsala ba. A yi ranar Asabar da safe, mu iyaye mata mu zo mu tsaya. Ni zan zo da kujerata.

Maman Ummi: Sai na yi shawara da babanta.

Injiniya Bashir: Ni ban canza ra'ayi ba, amma ina da ragowar farin fenti bokiti biyu daga wani aiki, in an tashi a aiko a ɗauka. Ina dai faɗa muku, kafin zaɓe mai zuwa fasta za ta rufe shi.

Ɗanladi Mai Zane: Injiniya a riƙe fentin tukuna. Na bi ta gaban katangar ɗazu da na je ɗauko Yusuf, na ƙwanƙwasa ta. Daga ƙasa har zuwa gwiwa filastar ta kumbura, tana amsawa kamar ba komai a ciki, ruwan kwata ne ke shiga ta ƙasa. Duk abin da aka shafa a kai yanzu ɓarewa zai yi kafin wata uku, yara su ji haushi. Sai an fasa wurin an sake filasta, an gyara bakin kwatar, an bar ta ta bushe sosai. Wannan aikin birkila ne ba nawa ba, kuma ba a yinsa da damina. A bari sai iskar hunturu ta fara. Kafin nan Malam ya turo mini su biyar-biyar ranar Asabar su koyi riƙe buroshi a kan katako, kowa ya zo da tsohuwar riga.

Shugaban zaure: To wa ya san birkila mai sauƙi? A turo mini ta gefe, kada a cika zaure da lambobi. Maganar kuɗin siminti kuma sai ranar taron iyaye, Alhaji Sabo ka zo da wuri don da kai za a fara.